Rijiyar da Aka Gama Kafin Wa'adi

Ubaidullahi taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuwa ba shi da damar yin fushi. A Jabo aka haife mu, wata biyar ne tsakaninmu, kuma tun muna yawo ba wando na san shi da tsoron a ce ya makara. Mu muna tsayawa jifan kanya a hanyar makaranta, shi yana can bakin aji a tsugune, tun mai buɗe ƙofa bai zo ba. Ba a taɓa dukansa ba, amma in ana dukan wani, shi ne jikinsa ke ɓari.

Da wannan hali ya girma. Ya yi shekara goma sha tara yana koyarwa a firamare a Dogon Daji, daga baya aka mai da shi mai kula da sito, yana ƙirga alli da benci, har ya ajiye aiki ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba. Mutane suna cewa Malam Ubaidullahi mai gaskiya ne. Ni ma na yarda, amma nakan ce masa rabin gaskiyar tasa tsoro ne, sai ya yi dariya ya ce to Allah ya bar masa tsoron. Da 'yan yankinmu suka kafa ƙungiyar taimakon ƙauyuka, ba a yi wata muhawara ba aka ba shi sakatare, wato shi ne mai gudanar da komai. Ni kuwa Mannir, kayan gyaran babur nake sayarwa kusa da tasha a Tambuwal, kuma da yake shi har yau bai iya tuƙi ba, duk inda zai je ni ne direbansa.

Ƙarshen damina wasu masu ba da tallafi suka amince za su ba ƙungiyoyi kuɗin ayyuka, da sharaɗin sai shugabanni sun zauna bita ta kwana biyar a kan tsara lokacin aiki da kasafinsa. A wani zaure a nan Tambuwal aka yi, su ashirin da shida. Wadda ta koyar da su wata Malama Khairiyya ce daga Sakkwato. Kullum in an tashi sai Ubaidullahi ya biyo ta shagona da kwalinsa a hammata, ya shimfiɗa mini shi a kan kwalayen fulogi yana bayani, ko ina da mai saye ko babu. A gutsuttsura aiki, in ji shi, kowane gutsure a ba shi layinsa, da ranar farawa, da ranar gamawa, da abin da zai ci, da sunan wanda za a kama in bai yiwu ba. Layin da ke tafiya daidai a shafa masa kore. Wanda ya soma jan ƙafa, ruwan ɗorawa. Wanda ya wuce wa'adi, ja.

Ban taɓa ganin abin da ya shiga ransa kamar kwalin nan ba. Shekara hamsin da huɗu yana tsoron makara, sai ga shi an zana masa ita a takarda har da launi.

A rana ta huɗu Malama Khairiyya ta haska musu jadawalin wani shugaba da aikinsa ya yi ja daga sama har ƙasa. Ta rufe sunan, amma duk zauren an gane ko wane ne, kuma an san an janye kuɗin, an daina kiransa taro. Ran nan Ubaidullahi bai taɓa shinkafar da aka raba musu ba, ni ya kawo wa a leda. Don kada in ɗauki alhakin matar nan, na ga littafinsa da idona: ta ce musu kada wanda ya rubuta rana sai ya tambayi masu yin aikin da hannunsu, ta kuma ce in abu ya sauya a kira ta a gyara tsari. Ya rubuta duka da kyakkyawan rubutunsa na malamin firamare. Abin da ya zauna masa a zuciya dai jan launin ne.

Aikin da aka ba shi rijiya ce a Tungar Dada, wani ƙauye gaba da Kebbe, gida arba'in da 'yan kai, manoma masu shanu. Rijiya guda gare su tun ta kakanni, zurfinta gaba goma sha takwas, ba a taɓa jin ta ƙafe ba. Sai dai bakinta ya soma zabgewa, har wata karsana ta taɓa faɗawa. In ba ita ba, babu wani ruwa sai gulbi, tafiyar awa biyu a ƙasa, kuma hanyar ta ratsa wani daji da a 'yan shekarun nan ba mai shigarsa da natsuwa. An sha kore shanu a cikinsa, an taɓa tafiya da mutane. Tsarin aikin layi goma sha huɗu ne: a haƙa sabuwar rijiya, a jera mata zobban siminti, a yi mata baki, layi na ƙarshe kuma a cike tsohuwar don kada ta ci rai. Kuɗi sun shigo farkon watan goma, wa'adi ƙarshen watan goma sha biyu.

Ya ɗauko Ɗanmaliki daga Dogon Daji, wani dattijo da ya haura saba'in, wanda duk yankin nan in ana maganar haƙar rijiya shi ake fara ambata. Ya daina shiga rami da kansa. Yana zaune ne a baki, 'ya'yansa suna turo ƙasa a guga, shi kuma ya damƙa ya murza ya gaya musu abin da za su tarar a gaba. A mako na huɗu, a gaba goma sha ɗaya, ruwa ya ɓalle, har sai da aka yi hanzarin jawo na ciki. Mata suka yi ta guɗa. Ubaidullahi ya zaro alƙalaminsa kore yana murmushi har kunne, don an zana gaba goma sha takwas, ga shi an samu a sha ɗaya. Ɗanmaliki bai tashi daga inda yake zaune ba. Sai da hayaniya ta lafa ya yafito shi gefe, ni ma ina tsaye a wurin.

"Malam, wanga ba ruwan rijiya ba na, ruwan damana na. Ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ni yadda nika yi, in nig gina ga kaka, sai in bar ta in yi tafiyata. In bazara ta yi, ruwa ya gudu ƙasa, in komo in bi shi har inda yat tsaya. Sannan a ce an gama."

Ubaidullahi ya tambaye shi yaushe ke nan. Ya ce watan huɗu a lissafin 'yan boko. Na ga fuskar taubashina ta sauya. Ya buɗe kwalin ya duba, ya naɗe, ya sake buɗewa.

"Baba, takarda ba ta da gidan da za a rubuta a tafi a komo."

"To ka bar musu tsohuwar. Kada a cike ta sai sabuwa ta ga bazara."

Sau ɗaya ya faɗa. Irinsu Ɗanmaliki haka suke, in sun gaya wa mai takarda magana sau ɗaya sun sauke nauyi, maimaitawa a wurinsu neman raini ne. Ni ma na ji da kunnena, kuma ban ce uffan ba, hankalina yana kan mu kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi. Wannan nawa laifin ne, kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

A kan hanya ya sa na tsaya a gindin wata tsamiya inda waya ke kamawa. Ya nemo lambar Malama Khairiyya, ya tsura mata ido ya fi minti biyar, sannan ya mai da wayar aljihu ya ce mu je. Daga baya ya gaya mini abin da ya hana shi. Yana ganin za ta ce ga wanda aka koya wa tsari kwana biyar, tsoho mai guga ya rushe masa shi da magana guda. In ya bar layi na goma sha huɗu a buɗe kuma, ranar ɗaya ga watan ɗaya zai koma ja, a haska shi a bita ta gaba da suna a rufe, kowa ya gane.

Mutanen Tungar Dada da kansu suka cike tsohuwar rijiyar, gayya suka yi ta kwana biyu, da ƙasar sabuwar da duwatsu. Maigari Abdu ya ɗan tambaya ko ba a jinkirta ba. Ubaidullahi ya ce haka takarda ta ce, Maigari ya ce to. Kuɗin zobba bakwai da ba a zuba ba, ya mai da su cif, ko sisi bai ɓace ba. Aka rufe aiki saura kwana ashirin da uku wa'adi ya cika. Aka kira shi Sakkwato aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi, matarsa Kamila ta rataye ta a falo. Ni kuma na raɗa masa suna Alhaji Kore, har yaran tasha suka ɗauka.

Wata biyu yana amsa sunan da fara'a. Tsakiyar watan biyu, ran nan da hantsi, sai ga shi a shagona yana cewa in rufe in kai shi Tungar Dada. A jakarsa akwai igiya da ya ɗaura wa dutse, ya yi mata ƙulli-ƙulli, taƙin hannu ɗaya tsakanin kowane biyu. Ya gaya wa matan da ke bakin rijiya wai rahoto ake nema. Ya zura, ya jawo, ya ƙirga inda ta jiƙe. Ranar da aka rufe aiki ruwan ya kai taƙi ashirin. Yanzu sha biyu ne. Ya naɗe igiyar ya mai da ita jaka, muka hau babur.

Daga nan kowane mako sai mun je. Sha ɗaya. Goma. Tara. Ya samo sabon kwali ya zana wa ruwan jadawali irin wanda aka koya masa, mako-mako, da layin da ke gangarowa. A nan na ga amfanin bitar, kuma a nan na tsane ta, don da can sai dai ya ji tsoro a dunƙule, yanzu kuwa ya iya lissafa ranar. Ya ce in zafi ya ƙaru ruwan zai riƙa sauka taƙi ɗaya da rabi, zai ƙare wajen ashirin ga watan huɗu. Akwai wani tafki a bayan ƙauyen, amma ba ya tara ruwa sai damina ta zauna, ƙarshen watan biyar ko farkon na shida. Ya ɗora yatsa a kan filin da ke tsakanin ranakun biyu, ya ce nan ne za su shiga daji.

Na ce masa ya kira Malama Khairiyya yau. Ya ce bari ya ƙara awo ɗaya, wataƙila ruwan ya tsaya. Mako na gaba na sake faɗa, ya ce ai an ce rijiya takan sami idon ruwa daga baya. Azumi ya shigo, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, mutane suna cewa Malam ibada ta karɓe shi. Kamila ta zo har shago ta ce mini ko kunun buɗa-baki ba ya shanyewa, in waya ta yi ƙara sai ya zabura, in ya ga lambar Kebbe ce sai ya miƙa mata ya ce ta ce yana alwala. A Tungar Dada kuma murna ake yi da zuwansa. Suna cewa ba su taɓa ganin ma'aikacin da ya gama aiki yana dawowa duba shi ba. Duk sanda aka faɗi haka sai na ga kamar zai faɗi.

Mako shida ya yi a haka. Na yi masa wasa, na yi masa faɗa, har na ce ba zan ƙara ɗaukarsa ba. Ranar da na ji guga ya soma kartar ƙasa, matan suna jira ruwa ya taru kafin su sake zurawa, ni kaina na tsorata. Kwana biyu bayan sallah na ƙwace wayarsa a shagona, na danna lambar, na manna masa a kunne.

Malama Khairiyya ba ta yi faɗa ba. Ta saurare shi har ya gama, sannan na jiyo muryarta.

"Malam, me ya hana ka kira ni tun ranar da tsohon ya faɗa? Layi ɗaya kawai za mu ƙara, mu ɗaga wa'adi zuwa watan biyar. Ana yin haka kullum."

Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ta ce aikin an rufe shi, kuɗin da ya mayar sun koma asusu, sabuwar buƙata kuma sai kwamiti ya zauna a watan biyar, amma za ta yi iya ƙoƙarinta. Washegari ya kai bijimin da yake kiwo don kasuwar layya ya sayar a wulaƙance, ya sa aka zuba zobba bakwai. Zobe kuwa sai ya yi mako uku yana shan ruwa yana bushewa kafin a saka shi a rami. Muka nemi Ɗanmaliki, aka ce yana wajen Yawuri da 'ya'yansa, rijiya uku ke gabansa. Duk wani mai haƙa da muka sani an riga an kama shi, don bazara ita ce kakarsu. Da aka same shi a waya bai ce na gaya maka ba. Ya ce ƙasar wurin rairayi ce, kada a kuskura a sa ɗan kowa ya shiga ba zobe, shi kuma zai zo da zarar ya sallami mutanen da ya yi wa alkawari, wajen goma ga watan biyar. Ubaidullahi ya zauna ya lissafa a gabana. Da ya yi wannan kiran ranar awon farko, da an gama komai ruwa bai ƙare ba.

Lissafinsa bai kuskure ba sai da kwana biyu. Ranar wata Talata muka isa da hantsi, ba kowa a bakin rijiya. Ya leƙa, ni ma na leƙa, laka ce kawai take ɗan ƙyalli a ƙasa. Bai ma fito da igiyar ba. Ƙauyen tsit, ba kukan shanu, ba ƙarar daka. Tsofaffi muka tarar a inuwar wani marke a bakin gari, duk sun fuskanci hanyar daji. Maigari Abdu ya sa aka shimfiɗa mana tabarma. Ya ce tun bayan asuba aka tafi gulbi, mata da samari da shanu da amalanke biyu, mutum talatin da ɗaya, ya ƙirga su da kansa. Ya kamata a ce sun dawo yanzu.

Muka zauna. Rana ta take. Wani tsoho na ta jan carbi, wata jaririya na kuka a wani gida, an bar ta wurin kakarta. In iska ta kaɗa ganye a bakin dajin sai kowa ya ɗaga kai. Ni da nake cika baki, sai na kama kaina ina duba inda na ajiye babur da kuma hanyar da zan bi. Azahar ta yi, liman ya ce a yi taimama, ɗan abin da ya rage a randuna na yara ne. Na ga Ubaidullahi ya buga tafinsa a ƙasa, taku ashirin daga rijiyar da aka ba shi takardar yabo a kanta, hawaye na bin gemunsa.

Da aka sallame ya matsa gaban Maigari ya durƙusa. Ya ce Ɗanmaliki ya gaya masa ruwan damina ne, ya kuma ce kada a cike tsohuwar, shi ne ya ƙi, don yana tsoron a ce ya makara. Maigari ya dube shi.

"Mun ji sanda yaf faɗa maka, Malam. Ɗana na tsaye bayanku. Mun ɗauka abin da ka cikin takarda ya fi abin da tsoho yas sani."

Ya mai da idonsa hanya.

Sai gab da la'asar muka jiyo kukan saniya daga nesa. Tsofaffin nan suka miƙe gaba ɗaya. Ashe tayar amalanke ɗaya ce ta fashe a tsakiyar dajin, suka ƙi rabuwa, suka tsaya gaba ɗaya har aka ɗaure ta da tsumma aka turo. Maigari ya tsaya a bakin hanya yana nuna kowa da yatsa, leɓensa na motsi, har ya kai talatin da ɗaya, sannan ya zauna a ƙasa inda yake.

A cikin na ƙarshe akwai yayar Maigari, Goggo Batula, wadda ta ba sittin baya, da jarka a ka, ƙafafunta sun yi futu-futu, leɓenta ya tsage. Ta sauke jarkar, ta ga baƙi a tabarma. Ko zama ba ta yi ba, ta aika aka kawo kwanon sha, ta tace ruwan da gefen mayafinta, ta durƙusa ta miƙa wa Ubaidullahi. Ba ta san abin da ya faɗa wa Maigari ba, ko kuwa ta sani tun tuni, ban iya ganewa ba. Ya ce ta fara sha. Ta ce ba a yin haka, baƙo ke farawa. Ya karɓa da hannu biyu, kowa na kallo. Ya kurɓa sau ɗaya ya miƙo mini, ni ma na kurɓa, yana da ɗumi da ɗanɗanon laka.

Da muka tashi tafiya Maigari ya rako mu har wurin babur. Ba da gatse ba, tambaya ce ta mai son ya sani, ya ce tunda Malam shi ne mai lissafi, ya gaya masa kwana nawa za su yi suna bin hanyar nan, ko Ɗanmaliki ya gama ko tafki ya kawo. Ubaidullahi bai buɗe kwali ba.

"Talatin da takwas, in damana ba ta makara ba."

Maigari ya gyaɗa kai. Ya juya ya kira wani saurayi, ya ce a bi gida-gida a faɗa wa mata gobe a fita da wuri fiye da na yau, kuma kada wadda ta goyo yaro.